Konami: Kamfanin da Ya Riƙe Sunayen Wasanni, Ya Saki Maƙeransu

Duk wanda ya daure ya kai ƙarshen Castlevania na farko, wasan da kamfanin Konami ya fitar a Japan a watan Satumba na 1986, zai ga fadar Dracula ta ruguje, sannan sunayen waɗanda suka yi aikin su fara bayyana a fuskar talabijin. Darakta, in ji rubutun, wani ne wai shi Trans Fishers. Mai labari Vram Stoker. Mai kiɗa kuma James Banana. Babu ko ɗaya a cikinsu da aka taɓa raɗa wa jariri ranar suna. Sunayen marubuta da 'yan fim ɗin ban tsoro na Turawa ne aka murguɗa aka jera. Hitoshi Akamatsu, wanda ya ja ragamar aikin, sunansa bai fito ba. Kiɗan da har gobe ake kaɗawa a manyan zauruka, mata biyu ne suka tsara shi, Kinuyo Yamashita da Satoe Terashima, su ma ba a ambace su ba.

Ba Konami kaɗai ke yin haka ba a wancan zamani. Kamfanonin wasan bidiyo na Japan sun saba ɓoye sunayen ma'aikatansu don gudun kada abokan gasa su zawarce su da albashi mai tsoka. Amma a wajen Konami ɗabi'ar ta yi jijiya fiye da ko'ina, kuma ita ce ke fassara tarihinsa na sama da shekara hamsin. Kamfani ne da ya tara taskar wasannin da kaɗan ne a duniya ke da kwatankwacinta, ya riƙe sunayensu gam, amma mutanen da suka ƙera su ya bar su suna ficewa ɗaya bayan ɗaya.

Daga akwatin kiɗa

A 1969 wani matashi mai suna Kagemasa Kozuki ya buɗe ɗan shago a Toyonaka, kusa da birnin Osaka. Sana'arsa ita ce ba da haya da gyaran akwatunan kiɗa, irin waɗanda ake ajiyewa a gidajen shan shayi da mashaya, mutum ya jefa sulalla ya zaɓi faifan da yake so. A 1973 aka yi wa shagon rajista a matsayin kamfani da sunan Konami. Wannan asali yana da muhimmanci. Kozuki ba mai zane ba ne, ba kuma mai tsara labari ba. Ɗan kasuwa ne da ya gane cewa mutum zai biya kuɗi don a ɗebe masa kewa na 'yan mintoci, kuma na'urar da za ta yi wannan aiki tana iya sauya kama gobe. Da kasuwar akwatin kiɗa ta yi sanyi, sai ya juya ga akwatunan wasa masu cin sulalla. A 1978 kamfanin ya fara ƙera nasa, shekara guda bayan haka ya fara tura su Amurka.

Shekarar 1981 ce ta fito da shi fili. A cikinta aka yi Scramble, inda jirgi ke ratsa duwatsu da koguna daga hagu zuwa dama, ƙasa tana sauyawa mataki bayan mataki, mai kuma yana ƙarewa sai ka harbi tankunan abokan gaba kafin ka ƙara. Wasan ya shiga har littattafan shari'a, domin da wani kamfani ya kwaikwaye shi a Amurka, Stern da ke dillancinsa can ya kai ƙara, kotu kuma ta yanke cewa hoto da sautin wasan bidiyo suna da kariyar haƙƙin mallaka. A shekarar dai aka yi Frogger, kwaɗon da ke neman tsallake titi mai cunkoson motoci da kogi mai kadoji don ya isa gida. Sega ne ya yi dillancinsa, shi ya sa mutane da dama suka daɗe suna zaton nasa ne. A 1983 Track & Field ya fito, ana gab da gasar Olamfik ta Los Angeles. Gudu a cikinsa ba ya samuwa sai an riƙa dukan madannai biyu da sauri, har yara a Japan suka koma zuwa da rula ta ƙarfe suna kaɗa ta a kan madannan.

A wannan tsakani ne abin da zai riƙa maimaituwa ya fara faruwa. An ɗauki wani matashi, Yoshiki Okamoto, aka umarce shi ya haɗa wasan tuƙin mota. Bai yi ba. A ɓoye ya haɗa Time Pilot, wasan jirgin yaƙi mai tsallake zamunna, wanda ya fito a 1982 ya samu kasuwa sosai, sannan ya ƙara da Gyruss. Da ya nemi ƙarin albashi aka kasa daidaitawa, aka raba gari. Ya tafi Capcom, wanda a lokacin ƙaramin kamfani ne a Osaka, can ya yi 1942, daga baya kuma ya zama ɗaya daga cikin jagororin Final Fight da Street Fighter II. Ƙarin albashin da aka hana shi bai kai ko ƙwayar abin da waɗannan wasanni suka kawo wa Capcom ba.

Sama, sama, ƙasa, ƙasa

Gradius na 1985 shi ne, a ganina, wasan farko da ya nuna irin hannun da ke cikin gidan. Wasannin harbi na lokacin suna ba ka makamin da suka ga dama. Shi kuwa Gradius, tawagar Hiroyasu Machiguchi ta shimfiɗa wani layi a ƙasan allo mai gurabe shida: ƙarin gudu, makami mai linzami, harbi biyu, hasken leza, ɗan rakiya mai kwaikwayon duk motsinka, da garkuwa. Duk ƙwayar da ka tsinta tana matsar da alama gurbi ɗaya, kai za ka yanke shawarar ko ka kashe yanzu ko ka tara. Mai wasa yana kauce wa harsasai yana lissafi a lokaci guda. Idan aka kashe shi kuma, komai ya tafi, sai ya sake farawa tsirara a tsakiyar wuta.

Wahalar wasan ce ta haifi abin da ya fi komai na Konami yaɗuwa. Kazuhisa Hashimoto, wanda aka ba aikin mayar da Gradius kan na'urar gida ta Nintendo, wato Famicom, a 1986, ya ga ba zai iya kai ƙarshen wasan ba duk lokacin da yake son gwada aikinsa. Sai ya dasa wa kansa laƙani: sama, sama, ƙasa, ƙasa, hagu, dama, hagu, dama, B, A. Da an danna, makamai su cika. Aka buga kaset ɗin ba a cire shi ba. Bayan shekara biyu laƙanin ya shiga Contra na na'urar NES, wato Famicom ta ƙasashen waje, inda yake mayar da rai uku zuwa talatin, kuma da wuya a sami wanda ya gama wasan nan da ƙuruciya ba tare da shi ba. Yara suka riƙa raɗa wa juna a filin makaranta tun babu intanet. A 2017 Babban Bankin Kanada ya ɓoye shi a shafin da ya tallata sabuwar takardar dala goma. Hashimoto ya rasu a watan Fabrairu na 2020, kuma a labarin rasuwarsa ne mutane da yawa suka fara jin sunan mai laƙanin da suka haddace shekara talatin.

Shekarun Famicom sun nuna Konami a matsayin gidan injiniyoyi. Ba ya tsayawa ga abin da na'urar Nintendo ke iyawa, yana ƙera nasa ƙananan kwakwalwan lantarki ya cusa cikin kaset. Castlevania na uku, na 1989, a bugun Japan yana ɗauke da wata mai suna VRC6 da ke ƙara muryoyi uku a kan kiɗa, abin da bugun Amurka bai samu ba, kuma duk wanda ya saurari biyun zai ji bambancin nan take. Yawan abin da yake fitarwa ma ya fi ƙarfin doka. Nintendo ya ƙayyade wa kowane kamfani wasa biyar a shekara a Amurka, sai Konami ya buɗe wani reshe da suna daban, Ultra Games, ya ninka rabonsa. Ta nan aka fitar da Teenage Mutant Ninja Turtles na 1989. A Turai kuwa, saboda tsaurin dokokin Jamus kan nuna kisa ga yara, aka mayar da sojojin Contra mutum-mutumin ƙarfe aka sa masa suna Probotector.

Mutumin da ya ƙi ɓoyuwa

Hideo Kojima ya shiga Konami a 1986 da burin yin fim a zuciyarsa. Aka tura shi sashen kwamfutar MSX, ba sashen Famicom da kowa ke so ba, aka miƙa masa wani wasan yaƙi da ya gagari wasu. Matsalar ita ce na'urar ba ta iya nuna sojoji da harsasai masu yawa a lokaci ɗaya sai hoto ya fara ɓacewa. Kojima ya juya matsalar: tunda ba za a iya yaƙi da yawa ba, bari wasan ya zama na guje wa yaƙi. Ka lallaɓa, ka laɓe, ka karanci inda mai gadi ke kallo. Haka aka haifi Metal Gear a 1987, labarin wani soja, Solid Snake, da ya kutsa wani sansani a Afirka ta Kudu don lalata tankar yaƙi mai ƙafafu da ke harba nukiliya.

Sai a 1998, da Metal Gear Solid ya fito kan PlayStation, duniya ta san shi, aka sayar da kwafi sama da miliyan shida. Akwai wurin da ya cancanci a tsaya a kansa. Snake ya shiga wani ofis ya tarar da Psycho Mantis, maƙiyi mai karanta zuciya, yana shawagi a iska. Mantis ya ce zai nuna ƙarfinsa. Sai wasan ya leƙa cikin memorin da ke jikin na'urarka, idan ya ga ka taɓa buga wani wasan Konami, Mantis ya faɗa maka sunansa. Ya ce ka ajiye abin sarrafawa a ƙasa, sai ya sa shi ya yi ta karkarwa shi kaɗai. Ana cikin faɗa allo ya yi baƙi kamar talabijin ta sauya tasha. Duk harbin da ka yi yana kaucewa, domin ya riga ya san abin da za ka danna. Mafita ita ce ka tashi daga inda kake zaune, ka zare wayar abin sarrafawa daga rami na ɗaya ka soka a na biyu. A wani wurin kuma ana ce maka lambar rediyon da kake nema tana bayan kwalin faifan, kwali na gaske da ke hannunka. Wanda ya sayi faifan kwafi a leda, kamar yadda akasarinmu muka saya a nan, sai dai ya tambayi wanda ya riga shi.

Ƙarƙashin waɗannan dabaru akwai magana mai nauyi. Kojima ɗan ƙasar da aka jefa wa bam ɗin nukiliya ne, iyayensa sun ga yaƙi, kuma jerin Metal Gear daga farko har ƙarshe gargaɗi ne kan makaman ƙare dangi, da sojojin haya, da yadda gwamnatoci ke amfani da soja su yar. Yana da surutu, wani lokaci jawabi ɗaya ya ci minti ashirin, amma ban san wani wasa mai tsadar wannan da ya ɗauki mai wasa a matsayin mai hankali kamarsa ba. Kuma shi ne ya karya al'adar gidan. A kan kwali aka riƙa rubuta cewa wasan Hideo Kojima ne.

Shekarun PlayStation na farko su ne ganiyar kamfanin. A 1995 Yoshitaka Murayama ya fito da Suikoden, inda kake tara mutum 108 su gina maka sansani, tsarin da ya aro daga wani tsohon littafin Sin. A 1997 Castlevania: Symphony of the Night ya zo da hoto shimfiɗaɗɗe na da, a lokacin da kowa ke rububin hoto mai zurfi uku. Koji Igarashi da abokan aikinsa suka mayar da fadar Dracula gida ɗaya babba da kake yawo a ciki, kuma idan ka zaci ka gama, sai ka tarar da wata fadar a kife, rufi ya zama ƙasa. Michiru Yamane ce ta yi kiɗan. A 1999 wata ƙaramar tawaga ƙarƙashin Keiichiro Toyama ta yi Silent Hill. Na'urar ba ta iya zana gari mai nisa, sai suka lulluɓe garin da hazo, suka ba mai wasa ƙaramar rediyo da ke fara ƙara idan wani abu yana matsowa. Kana jin sa ba ka ganin sa. Toyama ya bar kamfanin bayan wannan wasa, ya koma Sony. Waɗanda suka rage suka yi Silent Hill 2 a 2001, labarin mutumin da ya sami wasiƙa daga matarsa da ta rasu, wanda a gaskiya labari ne na jinya mai tsawo da laifin da mutum ya kasa yafe wa kansa. A dandalin akwatunan sulalla kuma, Beatmania na 1997 da Dance Dance Revolution na 1998 suka buɗe sabon fage na wasan kiɗa da rawa, GuitarFreaks ma ya riga Guitar Hero na Amurka da shekara shida.

Ƙwallon da ta iso mana

A ƙasar Hausa, mutane da yawa da ba su taɓa jin Gradius ba sun san tambarin Konami, saboda shi ke fara fitowa idan an kunna ƙwallo a shagon gem. A shekarun 1990 kamfanin yana da gidajen ƙwallo biyu. Na Osaka ya yi International Superstar Soccer a 1994 kan Super Nintendo. Na Tokyo ya fara Winning Eleven a 1995 kan PlayStation, kuma wannan ne, ƙarƙashin Shingo Takatsuka, ya zama Pro Evolution Soccer a Turai daga 2001.

Abokin gasarsa, FIFA na kamfanin EA, shi ke da lasisi a lokacin: sunayen kulob, riguna, filaye. Konami ba shi da mafi yawansu. Manchester United ta zama Man Red, Liverpool ta zama Merseyside Red, Arsenal kuma North London. Roberto Carlos ya taɓa zama Roberto Larcos. Duk da haka, daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa PES 6 na 2006, wanda ya san ƙwallo Winning Eleven yake bugawa. Dalilin yana cikin ƙwallon kanta. A nan ba ta manne da ƙafar ɗan wasa, tana da nauyinta, tana iya bugun ƙafar mai tsaron baya ta karkace, tana iya tsere wa wanda bai iya tarba ba. Ba a cin ƙwallo biyu iri ɗaya. Kowane ɗan wasa kuma ana gane shi daga gudunsa da yadda yake juyawa, ko da an canja masa suna. Sauran aikin masoya suka ƙarasa da kansu, suna zama dare guda suna gyara sunaye da launin riguna su adana a memori, memorin kuma ya yi ta yawo daga shago zuwa shago.

Sai Master League, wanda aka fara a 1999. Ana ba ka tawagar 'yan wasan da ba su wanzu a duniya, irin su Castolo da Minanda da Ximelez, marasa gudu marasa ƙarfi, ka yi ta fama da su kana tara maki har ka iya sayen ɗan wasa na gaske. A nan ne wani ɗan Kaduna ya yi sunan da ya zarce wanda ya yi a fili. Tijjani Babangida, wanda ya buga wa Ajax kuma yana cikin tawagar Najeriya da ta ci zinare a Atlanta a 1996, an ba shi gudu na ƙololuwa a Winning Eleven na PlayStation, ga shi da araha. Daga Japan zuwa Indunusiya zuwa Brazil, shi ne sayayyar farko ta duk mai wayo: a jefa masa ƙwallo gefen dama, a danne madannin gudu, babu mai kamo shi. Har yau akwai magidanta a waɗannan ƙasashe da ba su san inda Kaduna take ba amma sun san Babangida.

Da aka koma PlayStation 3, Konami ya yi tuntuɓe. PES 2008 ya fito yana sarƙewa, EA kuma ya gyara wasansa ya ƙara da Ultimate Team a 2009, wanda ya zama rijiyar kuɗi. Konami ya riƙe lasisin Gasar Zakarun Turai na shekara goma, ya rasa shi a 2018. A ƙarshen Satumba na 2021 ya binne sunan PES da Winning Eleven gaba ɗaya, ya fito da eFootball kyauta. Abin da ya fito ɗanye ne, fuskokin 'yan wasa a karkace, 'yan kallo kamar an yanko su daga kwali, har ya zama wasan da aka fi kushewa a dandalin Steam, kamfanin kuma ya fito ya ba da haƙuri. An gyara shi daga baya, kuma a wayar hannu ya samu ɗaruruwan miliyoyin masu saukewa, ciki har da matasanmu masu yawa. Amma tsarin ya koma na sayen katin 'yan wasa, ba na renon Castolo ba.

Inda kuɗin yake

Mai son fahimtar abin da ya faru tsakanin Konami da Kojima a 2015 sai ya tuna cewa wasan bidiyo na gida ɗaki ɗaya ne kawai a gidan Kozuki. Tun 1999 Konami ke buga katunan Yu-Gi-Oh!, daga labarin zane na Kazuki Takahashi, kuma a 2011 kundin Guinness ya tabbatar an sayar da kati sama da biliyan 25. A 2001 ya sayi jerin gidajen motsa jiki ya mayar da su Konami Sports. Yana ƙera injinan caca a Las Vegas, yana ƙera na pachinko a Japan. Yana da wasan baseball na Powerful Pro tun 1994, wanda ba a san shi sosai a waje ba amma a gida uwa ce mai ba da mama. Ya haɗiye Hudson Soft a 2012, ya gaji Bomberman da Momotaro Dentetsu. Sannan a 2010 wani ƙaramin wasan waya, Dragon Collection, wanda bai ci kuɗin kirki wajen haɗawa ba, ya riƙa zubo riba wata bayan wata. Mai akwatin kiɗa ya duba ya ga inda sulalla ta koma.

Igarashi ya tafi a 2014, bayan an mayar da shi sashen wasan waya. Da ya nemi tallafin jama'a don yin wasa irin na Castlevania da wani suna, Bloodstained, aka tara masa sama da dala miliyan biyar. A watan Agusta na 2014 wani ɗan gajeren wasa kyauta mai suna P.T. ya bayyana a shagon PlayStation da sunan kamfanin da babu shi. Lungu ɗaya ne na cikin gida, kana bi kana dawowa farkonsa, kowane zagaye wani abu ya sauya. Wanda ya warware shi sai ya ga sanarwa: sabon Silent Hill ne ke tafe, daga Kojima da daraktan fim Guillermo del Toro, da ɗan wasa Norman Reedus. A watan Afrilu na 2015 Konami ya soke aikin, ya cire P.T. daga shagon, ya toshe har hanyar sake saukewa ga waɗanda suka riga suka mallaka. A watan ne kuma ya janye hannun jarinsa daga kasuwar New York. An goge sunan Kojima daga kwalin Metal Gear Solid V, wanda ya fito a watan Satumba, rabinsa a Afganistan rabinsa a iyakar Angola da Zayar, da alamun ba a ƙarasa labarinsa ba.

Jaridar Nikkei ta ruwaito a watan Agusta na shekarar cewa kuɗin haɗa wasan ya haura yen biliyan 10, ta kuma ce ana sa wa ma'aikata ido da kyamara, ana tura waɗanda aka ga ba a bukata aikin gadi ko shara a gidajen motsa jiki na kamfanin. A watan Disamba, a bikin Game Awards, mai gabatarwa Geoff Keighley ya shaida wa duniya cewa lauyoyin Konami sun hana Kojima zuwa karɓar kyautar da wasansa ya ci. Kafin watan ya ƙare Kojima ya kafa kamfaninsa. Shekara mai zuwa Konami ya nuna Metal Gear Solid 3 da sabon hoto mai kyau, sai aka ga na injin caca ne.

Ba na cikin masu cewa kamfani ba shi da ikon duba aljihunsa. Wasan da ya ci shekara biyar da yen biliyan goma caca ce babba, kuma lissafin Konami ya fito daidai: a shekarar kuɗi da ta ƙare a Maris na 2025 cinikinsa ya haura yen biliyan 400, mafi yawa a tarihinsa zuwa lokacin. Abin da ba na yafewa shi ne wulaƙanta aiki da masu aiki. Ana iya rabuwa da mutum ba tare da an kankare sunansa ba. Ana iya soke wasa ba tare da an hana na baya ganin abin da aka riga aka yi ba. Sakacin ma ya girmi 2015. Lokacin da aka sake fitar da Silent Hill 2 da 3 a 2012, waɗanda aka ba aikin sun tarar kamfanin bai adana cikakken rubutun asali na wasannin ba, dole suka yi aiki da wanda ba a gama ba, har hazon nan da shi ne ran wasan ya ɓace a wurare. Sunan mai karofi ake kira a kasuwa, amma hannun marini ne ya yi baƙi, kuma mai karofin da ya kori marina bai ko rubuta yadda ake haɗa baba ba, rami kawai ya rage masa.

A 'yan shekarun nan Konami ya dawo kan taskarsa, kuma ya yi abubuwan da suka cancanci yabo. Tarin tsofaffin Castlevania da Contra da ya fara fitarwa a 2019, da hannun kamfanin M2, an yi su da kulawa, har da bugun Japan da takardun zane na asali. Suikoden na ɗaya da na biyu sun dawo da sabon hoto a Maris na 2025, shekara guda bayan rasuwar Murayama, wanda ya bar kamfanin tun 2002 ya kuma rasu watanni biyu kafin fitowar Eiyuden Chronicle, wasan da ya yi da tallafin jama'a don ya ci gaba da abin da ba shi da ikon kira Suikoden. Sabon Silent Hill 2 na Oktoba 2024 ya sayar da miliyan ɗaya cikin 'yan kwanaki, kuma ya yi kyau ƙwarai, sai dai a Poland aka haɗa shi, a kamfanin Bloober Team, tare da gayyato Akira Yamaoka mai kiɗa da Masahiro Ito mai zane, waɗanda dukansu sun daɗe da barin gidan. Metal Gear Solid Delta na Agusta 2025 maimaicin Metal Gear Solid 3 na 2004 ne taku bayan taku, har muryoyin na da aka bari, wannan karon kuma an mayar da sunan Kojima cikin jerin masu aiki. Silent Hill f, wanda ya biyo baya a Satumba, shi ne sabon labari na gaske, an kai shi wani ƙauyen Japan na shekarun 1960, amma shi ma marubucin waje ne, Ryukishi07, ya rubuta, kamfanin NeoBards ya gina. A watan Yuni na 2025 kuma Konami ya sanar cewa za a sake yin Silent Hill na farko, na Toyama, kuma Bloober aka sake ba kwangilar.